Katin girafik mai 4GB ko mai 8GB: yadda ake kwatanta su kafin a biya kuɗi

Matasa da yawa a Bebeji da Kiru da Tudun Wada sun fara sana'ar tace bidiyo ne a waya. Ana ɗaukar biki ko saukar karatu, a haɗa a CapCut, a tura wa mai aiki ta WhatsApp. Idan aiki ya yi yawa, waya ta fara zafi tana tsayawa, sai mutum ya fara tunanin kwamfuta. Haka ma mai son buɗe gidan gem. A nan ne ake haɗuwa da katin girafik, wanda ake kira GPU, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta.

Abin ba baƙo ba ne, domin kowace waya tana da nata. Tecno da Infinix masu Helio G85 suna amfani da Mali-G52, masu Helio G99 kuma Mali-G57, wayoyi masu Snapdragon suna da Adreno. Bambancin shi ne na waya a haɗe yake da furosesa, na kwamfutar tebur kuwa kati ne da ake saya daban a soka, yana da fankarsa da memorinsa.

Tarkon farko shi ne yawan GB. Mai waya ya saba da cewa RAM 8GB ta fi 4GB, sai ya tafi kasuwa da wannan ma'aunin. A katin girafik GB girman rumbu ne kawai, ba ya nuna saurin ɗiban abin da ke ciki. GT 730 mai 4GB da GTX 1650 mai 4GB lambarsu ɗaya a jikin kwali. Amma na farkon, wanda ya fito a 2014, yana amfani da memori DDR3 da ba ya wuce da bayanai sama da GB 30 a daƙiƙa, shi kuwa GTX 1650 na 2019 yana wuce da GB 128. Rumbu ɗaya ne, sai dai ɗaya ƙofarsa ta kaji ce. Ko a suna ɗaya ana samun haka: GT 1030 iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, kuma mai DDR4 saurin memorinsa bai kai rabin na ɗan'uwansa ba. Saboda haka bayan an tambayi GB nawa, sai a tambayi wane irin memori ne.

Sunan katin ma yana da karatu. A katunan Nvidia, lambobin farko zamani ne, biyun ƙarshe kuma matsayi. 1060 na zamanin 10 ne, matsayi na 60. Shi ya sa GTX 1060 mai 6GB na 2016 ya fi GTX 1650 ƙarfi, duk da cewa 1650 ya fi shi girman lamba da sabunta. RTX 3060 na 2021 yana da 12GB, RTX 4060 na 2023 yana da 8GB, amma a yawancin gem 4060 ne ke gaba. Inda 12GB ɗin ke amfani shi ne bidiyon 4K mai nauyi ko gwajin manhajojin AI a kan kwamfutar mutum.

Sai maganar da masu bidiyon YouTube na Amurka ba su cika damuwa da ita ba, alhali a kudancin Kano ita ce kan gaba: wuta. Shagon da ke Kwanar Dangora ko Riruwai ba zai dogara da wutar Nepa kaɗai ba, dole sai da sola ko janareta. GTX 1650 yana cin wat 75. RX 580 na AMD, mai 8GB, wanda ya fito a 2017, yana cin wat 185. Shi ne ake yawan yi wa talla saboda yana da arha kuma ya fi 1650 ƙarfi a gem, wannan gaskiya ne. To amma a yi lissafi. Bambancinsu wat 110 ne. Idan katin ya yi awa 8 yana aiki mai nauyi, ƙarin ya kai wat-awa 880 a rana. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan ƙarin cin wutar katin kaɗai ya kusa cinye abin da batir guda ke iya bayarwa. Rangwamen da aka samu a kanti sai a mayar da shi wajen mai batir ko gidan mai. RTX 4060 yana cin wat 115 ne, 3060 kuma 170, wannan ma dalili ne da zai sa mai sola ya karkata ga na farkon idan aljihu ya kai.

Wat ɗin yana da alaƙa da akwatin kwamfutar ma. Tsofaffin Dell OptiPlex da HP na ofis, waɗanda su ne suka fi sauƙin kuɗi, yawancin ƙananansu akwatin wutarsu bai wuce wat 240 ba, kuma babu wayar ƙarin wuta mai fil 6 ko 8 da manyan katuna ke buƙata. Irin waɗannan sai katin da ke shan wuta daga ramin da aka soka shi kawai, kamar GTX 1050 Ti, yawancin GTX 1650, ko RTX 3050 mai 6GB, kuma siririn samfuri wanda murfi zai rufu a kansa.

Ga mai tace bidiyo akwai wani ɗan ɓangare a katunan Nvidia mai suna NVENC, shi ke ɗaukar nauyin fitar da bidiyo ya sauke wa furosesa. GT 1030 ba shi da shi kwata-kwata, 1050 Ti yana da shi.

A laftof kuma suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne. RTX 4060 na laftof, wani kamfanin kan ba shi wat 35, wani ya ba shi har 115.

Yawancin masu saye daga wannan yanki kayan hannu za su nema a titin Beirut ko Farm Centre a cikin Kano, kuma a nan ake buƙatar natsuwa. Tun da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, RX 580 na cikin na gaba-gaba. Akwai ma wani RX 580 mai alamar 2048SP, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne. Akwai kuma tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a manhaja su riƙa nuna 1050 Ti.

Wanda ya taso daga Doguwa ya keto dajin Falgore ba zai so ya sake biyan kuɗin mota don mayar da kati ba, saboda haka a gaban mai kanti ake gwaji. A tafi da GPU-Z da FurMark a filas, dukkansu kyauta ne. GPU-Z yana nuna ainihin sunan guntun da irin memorin, kuma yakan sa alamar jabu a gaban katin da aka sauya wa suna. FurMark kuma a bar shi ya yi minti 15 yana matsa wa katin. Idan aka ga ɗigo-ɗigo masu launi, ko fuska ta ɗauke, ko fanka ɗaya ta ƙi juyawa, a ajiye shi. A lura da zafi: katin da ya haura digiri 85 a kanti mai fanka, a shagon kwano cikin watan Afrilu zai riƙa rage gudunsa da kansa, balle ƙurar hunturu ta toshe masa hanyar iska. A kuma nemi mai kanti ya rubuta kwanakin garanti da lambar jikin katin a kan rasit.