Zaɓen Kyamarar Tsaron Gida

Da, in dare ya yi, kare da mai gadi su ne idon gida. Yanzu an sami wani ido kuma, watau kyamarar tsaro. Ana kafa ta a bango. Tana ɗaukar hoton duk wanda ya shiga da wanda ya fita, tana ajiyewa. In an kwance mana akuya a turke, ko an fasa rumbu, sai mu duba mu ga wanda ya yi.

Amma kyamara iri iri ce. Wata tana nuna fuska sarai. Wata kuwa inuwa kaɗai ta ke nunawa. Wannan ita ce mai haɗari, domin sai mu ga inuwa mu ce wane ne, alhali kuwa ba shi ba ne. Ga dabba ta tafi, ga zumunci ya ɓaci. Sabo da haka kada araha ta ruɗe mu. Araha ba ta ado. Kafin mu biya kuɗi, sai mu karanta kwalinta, mu nemi abu biyar.

Na ɗaya, kyan hoto. Mu nemi inda aka rubuta 1080, ko 2MP. Duk abu ɗaya su ke nufi. In lambar ta fi haka, hoton ya fi kyau. In ta gaza, mu bar ta.

Na biyu, ganin dare. Ɓarawo ba ya son rana. Kyamarar kirki tana da 'yan fitilu kewaye da idonta, masu wani irin haske da idon mutum ba ya gani. Da shi ta ke ɗaukar hoto cikin duhu, fari da baƙi. Mu ce wa mai kanti ya gwada mana ita a wuri mai duhu.

Na uku, wuta. Kyamara ba ta aiki sai da lantarki. In wuta ta ɗauke, ta makance ke nan. Mu da mu ke ƙauye, mai batir da faifan sola ta fi mana. Rana ta cika batir, batir ya kai ta safiya.

Na huɗu, jure ƙura da ruwa. Mu nemi IP65 ko IP66. Lambar farko, 6, tana nufin ƙura ba ta shiga. Ta biyun tana nuna ƙarfin ruwan da ta ke jurewa. Wadda ba ta da irin wannan alama ta cikin ɗaki ce, kada mu kafa ta a waje.

Na biyar, ma'ajiya. Hotuna suna zama cikin ɗan kati irin na waya. Mai 64GB ya ninka mai 32GB. In katin ya cika, sabon hoto ya kan share tsoho. Don haka ranar da aka yi ɓarna, ranar za mu duba, mu kwafe. Akwai kuma mai ɗaukar layin waya, wadda ke aiko hoto cikin wayarmu ko muna kasuwa. Ita wannan tana cin kuɗin data, kuma sai inda akwai sabis.

To, mun saya. Sai mu kafa ta sama, kamar mita 3, inda hannu ba ya kai. Ta dubi ƙofar zaure, ko turke, ko rumbu. Kada ta fuskanci rana. Lokacin hunturu mu riƙa goge idonta da ƙyalle mai laushi.

Lalle ne mu sake lambar sirri wadda ta zo da ita daga masana'anta. A shekarar 2016 waɗansu miyagu sun shiga dubban kyamarori ta intanet, domin masu su ba su sake lambar ba. Suka yi amfani da su suka tsai da manyan shafuna a Amurka. Wanda ya san lambarmu yana iya kallon gidanmu daga nesa.

Har wa yau, mu kiyaye hakkin maƙwabci. Kada kyamararmu ta leƙa tsakar gidansa. A namu gidan ma, kada ta dubi ɗakin kwana ko makewayi. In mun ga ɓarawo a hoto, mu kai wa mai unguwa ko 'yan sanda. Kada mu yanke hukunci da kanmu.

Mu tuna, kyamara shaida ce kurum. Ba ta da hannun kama kowa. Kwaɗo mai ƙarfi da zaman lafiya da maƙwabta suna nan a matsayinsu.

Tambayoyi

1. Me ya sa kyamara mai nuna inuwa ta ke da haɗari?
2. Me lambar 6 ta farko ke nufi cikin IP66?
3. Ina ne bai kamata kyamara ta duba ba?