Hantar Kifi, Ma'aunin Gurɓacewar Ruwa

Masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai suna amfani da gishirin kuromiyam wajen jeme fata. Dagwalon Sharaɗa yakan bi Salanta zuwa Kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi da Jakara zuwa madatsar Wasai. Shi ƙarfe ba ya ruɓewa. Taruwa yake yi a hantar kifi da ƙodarsa. Shi ya sa masana ke gwada hantar tarwaɗa ko karfasa: ruwan da aka ɗebo labarin ranar kaɗai yake bayarwa, hanta kuwa na watanni. Cutar da aka gano a Minamata ta Japan a 1956, ta hanyar kifi mai gubar zaiba ta kama mutane. Don haka ya kamata mai sayen kifi a Ɗorayi ya tambayi ruwan da aka kamo shi.