Wa'adin biza daban, kwanakin zama daban

Mutanen Achika da sauran ƙauyukan Wudil da ke shirin daɗewa a ƙasar waje da bizar yawon buɗe ido su riƙe abu guda: biza mai izinin shiga sau da yawa ba izinin zama ba ce. Bizar yawon buɗe ido da Saudiyya ta ɓullo da ita a 2019 tana aiki shekara guda, amma zaman da ta yarda da shi bai wuce kwana 90 ba, kuma ba a yin aikin Hajji da ita. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ma kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, don haka fita a dawo ba ya sabunta lissafi. Dokokin kuma suna sauyawa: a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, mai wata uku.

Wani zai ce ai wane ya yi shekaru a can ba wanda ya taɓa shi. To, yanzu ana ɗaukar hoton yatsu a filin jirgi, wanda ya zarce kuwa tara da kora da haramcin dawowa ke jiransa, ya kuma shafa wa na baya kashin kaji. Mai son ƙari ya nema a hukumar shige da fice ta ƙasar tun wa'adi bai cika ba, fasfonsa na da sauran aƙalla wata shida. Kada ka dogara da bakin ejan. Karanta bizarka da idonka, in an hana ƙari ka dawo gida da mutuncinka.