Jigawa, geza da fadama: ƙasar Madarumfa da aikin lambu

Damana ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, yanzu lokacin lambu ne. Tun bayan farin 1984, sa'ad da hukumar Nijar ta yi kira ga jama'a su kama noman rani, lambu ya zama abin dogaro ga gidaje da yawa a gundumar Madarumfa. Amma sau da yawa mukan ga maƙwabta biyu, irinsu ɗaya, wahalarsu ɗaya, wannan ya cika kwanduna, wancan ko kuɗin man injin ban ruwa bai mayar ba. Sai a ce rashin sa'a. Mu kuwa muna cewa a fara duba ƙasar.

Manoman Safo, Gabi, Ɗan Isa da Jiratawa sun daɗe da raba ƙasarsu gida uku: jigawa, geza da fadama.

Jigawa rairayi ce. Tana da sauƙin aiki, saiwa tana ratsa ta ba wuya. Aibinta shi ne ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ruwan da aka zuba da safe, kafin azahar ya nutse inda saiwar salati ba ta kai. Saboda haka a jigawa ana ba da ruwa kaɗan kaɗan, safe da marece. Wanda ya malala ruwa mai yawa lokaci guda ya yi asara biyu: ruwan ya tafi, ya kuma tafi da takin. Haka takin zamani, musamman ure: a raba shi kashi biyu ko uku, kada a zuba duka rana ɗaya.

Maganin jigawa na gaskiya shi ne takin gida ruɓaɓɓe. A ƙalla kilo 2 zuwa 3 a kowane fili mai metir 1 a tsawo, metir 1 a faɗi, a gauraya shi da ƙasa kafin dashe. Mun ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona ƙananan tsire, yana kuma kawo irin ciyawa. Bayan dashe a shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa bisa fangali, don rana da iskan hunturu kada su shanye laima. Karoti, kankana, dankali da rogo suna son wannan ƙasa.

Akwai wata cuta da ke son rairayi. Tumatir ya yi yaushi da rana, alhali an ba shi ruwa. In aka tumɓuke shi, sai a ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu. Wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani, tana zaune cikin ƙasa. Tana kama tumatir, yalo da kuɓewa. A cire tsiren da ya kamu, a ƙone saiwar. Kada a maimaita waɗannan a fangali ɗaya shekara bayan shekara. A canja da albasa, da damana kuma a sa gero ko dawa.

Geza ƙasa ce mai tauri. In ta bushe hauya ba ta shiga, in aka yi ruwa sama ta daskare, ruwan ya gudu. Ba mu ba wanda zai fara lambu shawarar ya fara da ita. In ita kaɗai mutum yake da ita, sai ya fasa ta da zurfi, ya ba ta taki mai yawa. Ta fi dacewa da itatuwa, a gina wa kowane rami, a cika shi da taki.

Fadama ita ce dukiyar gundumar. Gulbin Maraɗi, wanda yake fitowa daga ƙasar Katsina, shi ya shimfiɗa ta shekara da shekaru. Tana riƙe ruwa, tana da ƙarfi, rijiya kuma ba ta da nisa. Albasa, shu, tattasai, alkama da zogale suna jin daɗinta. Sai dai fadama ba iri ɗaya ba ce. Inda laka ta gauraya da rairayi, nan ne mafi kyau. Inda baƙar laka ce zalla, mai tsagewa da rani, ruwa yana kwanciya, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. A irin wannan wuri a ɗaga fangali sama, a jira saman ƙasa ya sha iska kafin a sake ban ruwa. Kada a yi huɗa laka tana jiƙe sharkaf, don za ta bushe ta zama hoge.

Dattawa suna cewa a da gulbi ne yake ba fadama taki. Gaskiya ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya, malalar gulbi ta ragu, sabuwar laka ba ta zuwa kamar da. Wanda yake noma fadama yau ba tare da taki ba, ajiyar kakanninsa yake ci.

In kuka ga farin gari bisa fangali bayan ya bushe, gishiri ne ko kanwa. Kada a ƙara toka a nan, tana ƙara matsalar. A buɗe hanyar da ruwa zai fita, a yawaita takin gida.

Ta yaya za mu gane ƙasarmu? A ɗebo ta daga zurfin taƙi guda, a jiƙa ta kaɗan, a dunƙule a tafin hannu. In ta ƙi dunƙuluwa, rairayi ce. In ta dunƙule, aka murza ta kamar igiya ta karye, gauraye ce, ita ake nema. In igiyar ta lanƙwasu kamar zobe ba ta karye ba, laka ce. A gwada wuri uku ko huɗu, domin lambu ɗaya yakan haɗa ƙasa iri biyu. Muna roƙon kowane mai karatu ya kawo dunƙulen ƙasar lambunsa wurin karatu a mako mai zuwa, a gwada tare, a rubuta sunan kowace a allo.