Harshe a Dandali: Yadda Ɗan Wasan Kwaikwayo Ke Gano Kansa a Ƙasar Magariya da Dungas

Gabatarwa

Gundumomin Magariya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar Nijar da Najeriya. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, bayan an cire ta daga Magariya. Matashin wannan yanki yana tashi tsakanin harsuna uku: Hausar gida, da Faransancin lakwal, da Hausar Kano da yake ji a finafinai da rediyo. Wannan maƙala za ta duba yadda wasan kwaikwayo ke nuna wa irin wannan matashi abin da ya mallaka na harshe.

Tushen al'adar

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. Akwai tashe, wanda yara ke farawa ranar goma ga watan azumi. Akwai kuma wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarki da fadawa da manyan gwamnati, suna riƙe da kayayyakin da aka ƙera da kara. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, suka riƙa gasar wasanni a bikin matasa na ƙasa. A wannan zamani ne sunan Yazi Dogo da ƙungiyar gidan rediyon Damagaram ya bazu. Littafin Janet Beik na 1987 ya nuna cewa yawancin wasannin ba rubutattu ba ne: ƴan wasa kan amince da zubin labari, sannan kowa ya ƙirƙiri maganarsa. Wannan siffa ita ce ta fi jan hankalin mai nazarin walwalar harshe, domin zaɓen kalma yana hannun ɗan wasa.

Hanyoyi uku na gano kai

Ta farko ita ce Hausar rukuni. Saurayin da aka ba matsayin bafade dole ya ce "ranka ya daɗe", wanda aka ba na almajiri kuwa ya ce "Allah gafarta malam". Budurwar da ta fito a matsayin uwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, saboda kunya. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu waɗannan ƙa'idoji. Sai a dandali suke lura cewa sun daɗe da sanin su.

Ta biyu ita ce kalmomin aro. Wanda ya fito a matsayin ma'aikacin gwamnati zai ce "buro" da "lanho" da "jandarma", ya riƙa tsarma Faransanci don nuna isa. Wanda ya fito a matsayin ɗan ci-rani da ya dawo daga Kano zai ce "ofis" da "haraji". Ko lissafin kuɗi yana tona asiri: a Nijar "dala ashirin" sefa 100 ce, "jika" kuma sefa 1000, alhali a Najeriya "jaka" naira 200 ce. Idan ƴan kallo suka yi dariya, ɗan wasa yakan gane cewa kalmar da ya zaɓa tana ɗauke da matsayi, kuma shi ma haka ake auna shi a kasuwa.

Ta uku ita ce damar faɗin abin da ba ya faɗuwa. Yarinyar da ba za ta iya musu da mahaifinta kan batun aure ba, tana iya yin haka cikin wasa, domin kowa ya san ba da bakinta take magana ba. Rigar wasa tana kare ta, amma hujjojin da ta kawo nata ne. Ta nan take sanin cewa tana da ra'ayi, tana kuma da harshen bayyana shi.

Hattara ga mai nazari

Maganar dandali ba daidai take da hirar yau da kullum ba. Ɗan wasa yakan zuzuta karin harshen baƙauye ko Faransancin ɗan boko don a yi dariya. Saboda haka abin da ake samu a wasa shaida ce ta yadda al'umma ke kallon wani salon magana, kafin ya zama shaida ta yadda ake yin sa. Wajibi ne mai bincike ya naɗi wasan da izinin ƴan wasa, ya kuma naɗi hirarsu bayan sun tuɓe kayan wasa, sannan ya kwatanta biyun.

Kammalawa

Wasan da ba a rubuta ba yakan ɓace da watsewar taro. Muddin ɗaliban kimiyyar harshe ba su naɗi wasannin tashe da na makarantu a Magariya da Dungas ba, za a rasa wata muhimmiyar shaida ta yadda Hausar bakin iyaka ke sauyawa, da kuma yadda masu ita ke ji game da ita.