ZAƁEN MAKARANTAR KOYON TUƘIN BABBAR MOTA

Mafi yawan kayan da jama'ar Nijeriya ke amfani da su, kamar hatsi da siminti da man fetur da dabbobi, a kan manyan motoci suke tafiya daga wannan jiha zuwa waccan. Direban da ya ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Kano yana riƙe da amanar dukiyar mutane, da kuma rayukan duk waɗanda zai gamu da su a hanya. Saboda haka lalle ne wanda ke son wannan sana'a ya natsu wajen zaɓen inda zai koye ta.

Makarantar da Hukuma ta Amince da Ita

A da, akasarin direbobi sun koyi tuƙi ne ta hanyar zama yaran mota. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, amma kuma yaro yakan gaji kurakuran maigidansa tare da gwanintarsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, ita ce ke tantance makarantun tuƙi, kuma sabon direba ba ya samun lasin sai da takardar shaida daga makarantar da ta amince da ita. Daga nan sai jami'in duba motoci ya jarraba shi. Lasin ma aji aji ne, na tirela shi ne aji G. Wanda ya koyi tuƙi da ƙaramar mota bai cancanci hawa tirela ba tukuna.

Abubuwan Dubawa

Gani ya kori ji. Kafin mutum ya biya ko kwabo, sai ya je makarantar da ƙafarsa, ya duba waɗannan abubuwa:

1. Takardar amincewar hukuma. Ya nemi a nuna masa, sa'an nan ya tabbatar da ita a ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra mafi kusa.

2. Mota. Makarantar tana da babbar mota mai lafiya wadda ɗalibai ke tuƙawa, ko kuwa hotonta kawai ke jikin allo? Ɗalibai nawa ke jiran mota ɗaya?

3. Darussa. Wajibi ne a koya masa aikin birkin iska, da sauka gangare da ƙaramar giya, da shan kwana da doguwar mota, da ja da baya, da ɗaurin kaya, da duba taya. Mai son tuƙa tanka yana bukatar ƙarin horo, domin mai yana tangaɗi cikin tanki, yana iya kayar da mota a kwana.

4. Dokokin hanya. Misali, gudun tirela da tanka bai kamata ya wuce kilomita 60 cikin awa ɗaya ba, ko a kan babbar hanya mai tagwayen layi.

5. Kuɗi. A rubuta masa jimlar abin da zai biya, a kuma ba shi rasit.

Duk makarantar da ta ce za ta samo wa mutum lasin ba tare da jarrabawa ba, to, a guje ta.

Shawarar Masu Ɗaukar Direbobi

Sau da yawa wakilin kamfanin sufuri, ko wani mai nema wa mutane aiki, yakan ce wa saurayi ya tafi makaranta kaza, in ya gama aiki na jiransa. Irin wannan shawara tana iya zama mai amfani, domin kamfanoni sun san makarantun da ɗalibansu ke yin abin kirki. Amma kada a manta, wani wakilin dillali ne, yana da la'ada a kan kowane ɗalibi da ya kai. Don haka sai a auna maganarsa da tambayoyi. Makaranta ɗaya tak kamfanin ke karɓa, ko kuwa duk wadda hukuma ta amince da ita? Alkawarin aikin a rubuce yake? Akwai direbobin da suka bi wannan hanya waɗanda za a iya ganawa da su? In hali ya yi, a je ofishin kamfanin a ji daga bakin shugabanninsa. Wanda ya nemi a ba shi kuɗi kafin ya samo aiki, abin tuhuma ne.

Wani lokaci kamfani yakan biya kuɗin horon, bisa sharaɗin direba ya yi masa aiki na wasu shekaru. Wannan ba laifi ba ne, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kafin a sa hannu, a san yawan shekarun, da albashi, da kuɗin tafiya, da abin da za a biya in an bar aikin kafin wa'adi. Wanda bai iya karatu ba ya nemi amintaccen mutum ya karanta masa.

Inda Za a Nemi Bayani

Ofisoshin Hukumar Kiyaye Haɗurra suna cikin kowace jiha. Akwai kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986. Tsofaffin direbobi da ke yada zango a wurare irin su Tafa da Mararrabar Jos su ma sun san makarantar kirki daga irin tuƙin ɗalibanta. Iyaye da masu unguwanni su taimaka wajen isar da wannan bayani ga matasa.