Daga Jakar Wasiƙu: Mai Digirin Nazarin Lafiya Likita Ne?

Wasiƙunmu na yau duk a kan karatun lafiya a jami'a suke.

Ta farko daga wani dattijo ce a Funtuwa. Ya ce ɗiyarsa ta nemi likitanci ba ta samu ba, sai aka ba ta gurbin nazarin lafiyar al'umma. Yana tambaya: in ta gama, likita za ta zama ko nas?

Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ba ko ɗaya. Wannan digiri ba ya ba mutum lasisin duba marar lafiya, balle rubuta magani ko tiyata. Likita sai ya yi karatun likitanci majalisar likitoci ta yi masa rajista, nas da ungozoma ma da tasu majalisar. Amma kada ranka ya ɓaci, don abin da za a koya mata babba ne: gano dalilin da ya sa mutanen gari guda suke ta kwanciya, da yadda za a tare abin tun daga tushe.

Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Zinare ya yi tsada, mutane suna kwaso duwatsu daga ramuka su kawo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida. Ƙurar duwatsun mai ɗauke da dalma ta bi ƙasa, yaro yana rarrafe ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma in an sallami yaro ya koma gidan nan, gubar za ta dawo. Dole aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka zauna da hakimai da dagatai don a fitar da niƙan zuwa bayan gari, tare da sanin cewa da wannan sana'a mutane ke ci. Ka ga aikin ya haɗa masanin muhalli, da mai ƙididdiga, da wanda ya san tattalin arzikin ƙauye, da mai iya magana da jama'a. Irin mutumin da ke fahimtar harshen dukansu ake son ɗiyarka ta zama.

Wata ɗaliba daga Maraɗi tana son sanin darussan da ake yi, da inda ake koyarwa.

Ƙanwata, ana haɗa fannoni ne da gangan. Za ki yi ilimin halittu, da yadda cututtuka ke yaɗuwa, da ƙididdiga, da zamantakewa, da halayyar ɗan Adam, da tattalin arziki, da tsare-tsaren gwamnati. A Kanada, jami'o'in Toronto da Waterloo suna da irin wannan karatu. Tun 1974 rahoton ministan lafiyarsu, Marc Lalonde, ya nuna cewa lafiya ta dogara ga halittar jiki, da muhalli, da salon rayuwa, sannan asibiti. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa wannan tunani da kiran a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da talaka. A ƙasashenmu an fi samun wannan karatu da sunan lafiyar al'umma. Ki riƙe lissafi da kyau, domin da alƙaluma ake gane annoba tun tana ƙarama.

Sai wani matashi daga Gombe: "To, ina aikin yake?"

Ɗan'uwa, akwai ma'aikatun lafiya, da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka, da hukumar kiwon lafiya matakin farko, da ƙungiyoyin agaji, da cibiyoyin bincike. Dubi shan-inna: a 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano saboda zargin da aka yi wa rigakafin, cutar ta sake bazuwa. Da sa bakin sarakuna da malamai, da matan da ke shiga gida-gida, da masu bin lissafin kowace unguwa, aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Ka yi aikin sa-kai a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ka koyi sarrafa bayanai a kwamfuta, ka shirya wa digiri na biyu. Kafin ka biya ko kwabo kuma, ka tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin a wannan jami'a.

Lokaci ya cim mana. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.